Farin Abin da Ya Cika Mashigin Vellaikuda

Shekara arba'in da shida Pechiyammal ta yi tana nutso a mashigin Vellaikuda, tana tsinko gansakukar teku da yatsu naɗe da tsumma. Kwana goma sha biyu kawai ake shiga a wata, shida a sabon wata, shida a cikarsa. Ba ta da jirgi. A kan wani falle na farin soso take tafiya, irin wanda ake yin akwatin kifi da shi, tana tuƙi da faranti biyu. Duk garin ita kaɗai ta rage da wannan abin hawa, kuma ba ta jin kunyarsa.

Tun da aka hana manyan jirage jan raga a mashigin, garin ya kafa doka: wanda ya zuba shara a ruwa, zai yi kwana bakwai bai taɓa teku ba. Mai kula da dokar shi ne Karuppaiya, ƙanin mijinta, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki a Dubai, ya dawo da tumbi da usur.

Ranar farko ta cikar watan da suke kira Chithirai, ruwa ya janye sosai da hantsi. Sai ga saman mashigin ya yi fari fat da 'yan ɓurɓushi kamar tsakin shinkafa. Karuppaiya ya busa usur, mata suka taru.

"Yaya Pechi, jirgin naki na sarauta ya fara ruɓewa," in ji shi. "Dubi yadda ya cika mana teku. Kwana bakwai!"

Kwana bakwai na nufin ta rasa rabin aikin watan baki ɗaya. Pechiyammal ta dubi ruwan, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa gwiwa.

"Naɗe zanenka ka biyo ni, mai usur."

"Ni ba yaro ba ne, Yaya."

"Na sani. Yaro ai da ya gani."

Suka shiga har gwiwa, matan na biye. A nan ne wata doguwar ciyawar teku mai faɗin ganye ta sake tsirowa bayan shekaru da ragar jirage ta tumɓuke ta. Ta tsoma yatsa, ɓurɓushin suka rugo suka manne masa. Ta kai ɗaya saitin idon Karuppaiya. Yana da 'yan ƙafafu uku da yake tsayawa a kansu bisa ruwa. Ta murje shi, ya narke.

"Soso na narkewa? Wannan furen ciyawa ne, namijin. Daga ƙasa yake tsinkowa ya taso. Zo ka ga amaryar."

Ta nuna masa wani dogon kara kwance a saman ruwa, da fure buɗe a bakinsa, fararen sun taru a ciki maƙil.

"In ruwa ya kawo, za ta rufe da su, karan ya nannaɗe ya koma ƙasa. Wannan biki ne, kai kuma ka zo da usur za ka kori angwaye."

Matan suka fashe da dariya. Wata ta ce a yanke wa ciyawar kwana bakwai. Karuppaiya ya sosa ƙeya, ya cusa usur a aljihu.

"To me ya sa ban taɓa gani ba?"

"Kana Dubai kana kallon bene. Kafin nan kuma ba ka duban ƙasa."

Rabon mashigin da wannan furen shekara goma sha tara. Pechiyammal ta san lissafin daidai, domin a wancan karon tare da 'yarta Valarmathi suka tsaya a nan, kuma shekarar ce ta ƙarshe ga yarinyar a duniya. Ta hau sosonta ta tafi aiki.

Bayan wata biyu ta nutsa ta ciro 'ya'yan ciyawar guda uku, masu gashi, kowanne kamar dunƙulen hannun jariri. Ta bar sauran su fashe su shuka kansu. Ta iske Karuppaiya a shagon shayi, ta ɓare masa ɗaya. Ya tauna ƙwayar, ya ce kamar ɗanyar gyaɗa, ya miƙo hannu neman ƙari.

"Kul," in ji ta. "Sharar ce ai."

Ta ba shi na biyun duk da haka. Na ukun, rabon Valarmathi, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta wuce gida.