Gurbin Maganin 'Yar Fari

Malalaci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Tun yana ƙarami, in aka aike shi sau biyu sai ya tambayi abin da ya hana a haɗa aiken. Shi ya sa 'yan gidansu suka laƙaba masa Sau-Ɗaya. Sunan ya bi shi har inda yake gina shafukan intanet, wani ɗaki mai tebur huɗu da fanka mai kuka, a saman shagon gyaran waya.

A sana'ar lalacin ya yi masa rana. Ya ƙera samfurin shafi guda na cike bayanai, duk aikin da ya zo sai ya ɗauko shi ya sauya masa riga. Abokan aiki na yi masa tsiya cewa ko wasiyyarsa da samfurin zai rubuta.

Da wani asibitin yara ya ba su aiki, haka ya yi. Shafin na uwa ne. A cikinsa kowane ɗa da sashensa, a cikin sashen kuma akwai gurbin maganin da jikin yaron ba ya ɗauka. Ya gwada da ɗa guda, ya ga ya yi, ya miƙa aiki.

Bayan wata uku, da hantsi, yayarsa ta kira shi daga wurin aikinta. Ta ce 'yarta ta fari ta tashi da ciwon maƙogwaro, uban ya kai ta asibitin. Uban nan, in ji ta, ko shekarun yarinyar sai ya tambaya, balle ya tuna allurar fenisilin ta taɓa kumbura ta har numfashi ya nemi ɗaukewa.

"Amma na rubuta a shafinka, ni da yaran biyu. Ko shi ma ragon ne irinka?"

Ya yi dariya, ya ce ta kwantar da hankalinta. Yana ajiye wayar kalmar "biyu" ta tsaya masa a wuya. Ya buɗe bayanan. Gurbin 'yar fari fanko ne.

Minti biyu ya ishe shi gano dalili. Kowane sashe ya kamata ya ɗauki lambarsa. Sunaye sun ɗauka, shekaru sun ɗauka, amma gurbin magani da ke can ciki ya taho da tsohuwar lambar samfurin, iri ɗaya ga kowa. Don haka abin da aka sa wa ɗan ƙarshe shi ke danne na farko. Autar yayarsa ba ta da matsalar magani, sai fankonta ya shafe gargaɗin yayarta.

Wayar uban a kashe. Layin asibiti ba a ɗauka. Ya sauka matakala da takalmi ƙafa ɗaya, ya hau babur ɗin haya. Duk tsawon hanya ba ya ganin komai sai fuskar yarinyar a kumbure, kamar yadda ya gan ta tana shekara uku.

Ya tarar da ita a kan benci, nas tana goge mata wurin allura da auduga, sirinjin fenisilin a cike a kan faranti. Sai ya dafe farantin da hannu biyu. Uban ya ce, "Kai kuma lafiya, suruki?" Ya faɗa musu abin da shafin ya shafe. Nas ɗin, wata dattijuwa, ta saurare shi har ƙarshe, ta zubar da allurar, sannan ta tambaye shi uwaye nawa ne suka cike shafin da yara fiye da ɗaya.

Talatin da takwas ne. Ya zauna a kujerar mai karɓar baƙi ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Talatin da bakwai suka ɗauka. Lamba guda ba ta taɓa shiga ba, kuma uwar ba ta sake zuwa asibitin ba. Har yau, da furfurarsa, yakan gwada lambar.

Lalacin bai bar shi ba, samfurin ma yana nan, ya gyara shi. Sai dai duk wanda ya zo ara, yakan riƙe masa hannu ya ce, "Don Allah, kafin ka miƙa, ka gwada da yara biyu. Ka sa wa na farkon ciwo, ka bar na biyun lafiya, sannan ka koma ka duba na farkon."