Takalman da Baba Yake Aikawa Kwalejinsu

Shekaranjiya na shiga wani kanti a kasuwar Zahir zan sayi silifas, sai mai kantin ya yanka bakin wani kwali a gabana. Warin sabon takalmi ya buso, na roba da gam. Na tsaya riƙe da jaka, na manta abin da ya kawo ni. In ka taɓa kwana wata uku a ɗaki ɗaya da kwalin sababbin takalma kana yaro, an kuma hana ka taɓawa, to ka san warin nan.

A unguwar Jarwal ta Makka na tashi, a hawa na uku na wani tsohon bene, ni da Baba da Umma da Yaya, wanda ya ba ni shekara biyar. Iyayenmu aikin Hajji suka zo suka zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, mu kuwa nan aka haife mu. Baba keken marasa ƙarfi yake turawa a Harami, yana yi da tsofaffin alhazai ɗawafi da sa'ayi, yana ɗingishi a bayansu.

Amma in ka tambaye shi sana'arsa, ɗan ƙwallo zai ce maka. A kwalejin horon malamai da ya yi can gida shi ne lamba tara, shi ne kyaftin, shi ya ci ƙwallon da ta kawo musu kofi. Daga nan wata ƙungiya ta birni ta ɗauke shi. Kaka biyu ya buga mata, wani ɗan baya ya shigar masa ta gefe, gwiwa ta tafi. Ƙungiyar ko dubiya ba ta aiko ba. Malaman kwalejin ne suka yi jinyarsa, shi ya sa har ya mutu bai daina cewa "makarantarmu" ba, kamar jiya ya baro ta.

Duk shekara, da azumi ya wuce, sai ya fara sayen takalman ƙwallo, yau ƙafa ɗaya, wani mako biyu, har su ishi 'yan wasa sha ɗaya da 'yan benci. Ya haɗa da jesi da ƙwallaye, ya jera a kwali a gefen katifarmu. Bayan Arfa ya nemi alhajin garinsu ya ɗora masa, ya kai kwalejin. Mu kuwa burodin tamis da waken ful ne safe da rana. Umma ta taɓa cewa ko ƙafa ɗaya ya rage wa ɗansa. Ya ce, "Waɗancan 'yan wasa ne. Wannan ɗan lungu ne."

Yaya ba takalmi yake buga ƙwallo a lungunan Utaibiyya, kuma ya iya. Ba don yayana ba ne na faɗa. Manyan samari har gida suke zuwa kiransa, yana ɗan shekara sha uku. Baba bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba. Sau ɗaya hanya ta biyo da shi ta wurin, ya kawar da kai ya wuce. Na daɗe ban gane dalili ba. Yanzu ina zaton gwiwoyin yaron guda biyu lafiyayyu ne ba ya son gani.

Shekarar da abin ya faru, Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, irin zafin Makka da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Unguwarmu za ta kara da wata unguwa, kowa a can yana da takalmi. Yaya ya jira Baba ya fita, ya zaro ƙafa ɗaya baƙi mai ratsin fari, ya cusa takarda a bakin takalmin saboda ya yi masa yawa. Ya ce da ni, "Kada ki faɗa." Ya ci biyu ranar. Ya dawo ya goge takalmin da rigarsa, ya mayar ƙasan kwali.

Washegari Baba ya zazzage kwalin kamar yadda ya saba. Ya juya takalmin, ya ga yashi a tsakanin haƙoransa. Bai yi faɗa ba. Ya sauka baƙala, kantin ƙasan benenmu, ya sayo askirim, ya zaunar da ni a cinyarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "'Yar Baba, wa ya buɗe kwalina?"

Shekarata takwas. Na faɗa.

Bayan sallar azahar ya kama hannun Yaya ya hau da shi saman bene. Siminti ne fetal, ba inuwa ko ta tafin hannu. Ya ce ya cire silifas.

"Ƙafar ce take son takalmi, ko? Tsaya nan har a kira la'asar."

Shi kuma ya jawo kujera ya zauna a bakin matakala, cikin inuwa, da bel a cinya. Yaya ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Duk sanda ya matso, Baba ya ɗaga bel ɗin. Umma ta hau ta durƙusa, ta ce, "Malam, don girman Ɗakin Allah, ka dake shi kawai." Ya ce, "Halas, sauka." Na hau da ruwa a kofi, ya karɓa ya shanye. Yaya ya yi kuka, ya yi roƙo da Hausa, ya yi da Larabci, can kuma ya yi shiru. Shirun nan shi na fi tunawa. Ba a kai la'asar ba ya faɗi.

Tafin ƙafafunsa duka biyu sun kumbura sun yi ruwa, fatar ta saɓule. Ba halin zuwa asibiti, don can takarda za a fara tambaya. Wata maƙwabciyarmu 'yar Damagaram ce ta riƙa shafa masa zuma tana ɗaurewa da tsumma. Na dama ya ruɓe kafin ya warke, ya warke a tattare. Har yau da gefen ƙafa yake takawa. Baba kuwa a ranar ya sa buroshin haƙori ya wanke takalmin tas, ya shanya, ya mayar kwali. Da sauran aka tafi da shi.

Yaya bai sake buga ƙwallo ba, bai kuma taɓa tambayata me ya sa na faɗa ba. Da ya tambaya da na fi samun sauƙi.

Baba ya rasu, aka yi masa salla a Harami. Bayan 'yan shekaru aka kama Yaya yana wankin mota, aka yi masa tarhil, wato aka tasa ƙeyarsa zuwa gida, ƙasar da bai taɓa gani ba. Da ya ɗan zauna a can, sai ya shiga mota ya je kwalejin. Ya kira ni daga bakin filin.

Ya ce, "Sunansa aka sa wa filin. Ga allo nan, an rubuta da fenti. Hotonsa yana ofishin shugaban makaranta, riƙe da kofi."

Na ce, "Ka gaya musu kai wane ne?"

"Na gaya musu. Shugaban ya tara ɗalibai, ya ce ga ɗan mutumin kirkin da bai taɓa mantawa da su ba. Suka tafa mini. Sai aka ajiye ƙwallo a gabana, wai in buɗe musu wasa."

"Ka buga?"

"Na ce ban iya ba. Suka yi ta dariya, wai ɗan lamba tara."

Benenmu na Jarwal an rushe shi tuntuni, otal ne yanzu a wurin mai hawa barkatai. Yaran unguwa a filin roba suke wasa, kowa da takalminsa, Hausar ma kaɗan suke ji. Maƙwabciyar nan ta rasu, Umma ta bi ta. Waɗanda suka san abin da aka yi a saman benen nan saura mu biyu. Can gida kuwa, duk shekara ranar wasannin makaranta, ɗalibai suna tashi tsaye su yi wa Baba addu'a. Yaya ya ce suna aiko masa da katin gayyata, kujerarsa a sahun gaba.