Dunoma Bai Ci Ba, Sha Ya Yi

Duk wanda ya ga Dunoma tela ya cika bakin shagonsa a Kazaure, da ƙyar zai yarda an taɓa kiransa Sillen Kara. A Kanya Babba aka haife shi, a gidan Barebari da kakansa ya kafa bayan ya taso daga gabas da jakunan kanwa, ya ga ƙasa mai albarka, ya sauke kaya bai sake ɗaurawa ba. Yaro ne siriri mai dogon wuya. Idan iskar hadari ta taso, mahaifiyarsa Hajja Kaka takan ce a riƙe mata shi kada a tsinto shi a Nijar. Ya ƙi noma, ya ƙi fatauci, ya ce shi allura yake so. Aka kai shi Kazaure koyon ɗinki, duwatsun garin suka kwanta masa a rai, ya yi aure, ya zauna.

Shekarun farko keken ɗinki na ƙafa yake takawa, abin da duk ya ci sai ya zurare ta tafin ƙafa. Ranar da ya ɗaura wa keken inji mai aiki da wuta, ranar ƙiba ta yi sallama, aka amsa mata, ta nemi tabarma ta zauna. Tela kuwa shi ne na ƙarshe da zai gane ya yi ƙiba, don riga tana matse shi zai farke gefe ya ƙara ƙyalle, ya ce yadin zamani ne ba shi da amana.

Gwiwoyi ne suka fara kai ƙara. Da farko idan ya yi sujada sai ya dafa bango ya tashi. Daga baya sai ya dafa na kusa da shi. Da ya kusa kayar da wani tsoho ranar Juma'a, matarsa Zaituna ta sayo masa farar kujerar roba, aka ajiye ta a ƙarshen sahu wajen taga. Liman ya ce ya halatta, addini sauƙi ne, shi ma Dunoma ya san haka. Amma duk lokacin da sahu ya faɗi ƙasa gaba ɗaya kamar iska ta kwantar da gero, sai ya ga shi kaɗai ne a sama, yana kallon bayan mutane. Wata safiya yana gyara hula a madubin shago ya lura tabon sallar da ke goshinsa ya soma dusashewa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ja hular ta sauko.

Da rana idan an ɗauke wuta keken ya yi shiru, yakan jingina da tarin yadi, ido rabi a rufe. Sai ya ga kansa a masallacin Kanya Babba, mai daɓen yashi, bayan an ɗauke ruwan sama. Ya koma Sillen Kara. Yana sunkuyawa ba abin da ke ƙara, goshinsa ya nutse a yashi mai sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci, can nesa kurciya tana kuka. A mafarkin nan ba ya ɗagowa. Sai an kawo wuta, keken ya zabura, sannan ya dawo cikin jikinsa kamar mai shiga rigar aro.

Wannan ne ya kai shi wani ƙaramin asibiti, gaban Malama Sadiyya, ma'aikaciyar lafiya, sa'ar 'yarsa ta fari. Ta taɓa gwiwar, ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba, gwiwar nan ba ta yi laifi ba, kaya ne suka yi mata yawa. Kada ka ci tuwo. Kada ka ci shinkafa, ko taliya, ko burodi, ko waina, ko rogo. Ka ci ƙwai, da kifi, da nama, da wake kaɗan, ka cika kwano da zogale da rama. Kuma ka riƙa takawa."

"'Yata, idan an cire tuwo daga abinci, me ya rage, ban da kwano?"

"Sujadar kake so ko tuwon?"

Daga ranar tuwo bai sake ganin hannunsa ba. Zaituna takan kwashe nata da na yara su koma bayan ɗaki, kamar masu cin abin sata, shi kuwa ya zauna da kwaɗon zogale yana yi masa kallon baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba. Ya sallami ɗan acaɓan da ke kai shi shago, ya koma takawa.

Abin ya yi aiki. Ranar kasuwa yakan je rumfar Lauwali mai sayen riɗi ya hau sikelin buhuna, allurar sikelin kuma kullum tana ja da baya. Ya soma farke ƙyallayen da ya ƙara wa rigunansa. Ya soma hararar kujerar roba.

Sai allurar ta tsaya.

Kasuwa ta ci, wata ta ci, rani ya shigo, allura tana nan inda take kamar an kafe ta da ƙusa.

"Lauwali, sikelinka ya lalace."

"Baba, yanzu na sauke buhu a kansa, lafiyarsa ƙalau. Ko riɗi idan an shanya yana raguwa. Kai ne dai ba ka shanyuwa."

Ya koma wajen Malama Sadiyya. Ta tambaye shi me yake ci, ya lissafa mata tsakaninsa da Allah: ƙwai, kifi, zogale, rama, tsire jefi-jefi. Ta kafe shi da ido, ya ce a kawo Alƙur'ani in tana shakka, rabonsa da lomar tuwo tun ranar da ta hana. Ba ƙarya ya yi ba. Ta ce ya rage yawan abin da yake zubawa. Ya rage, allura ba ta ko gyara tsayuwa ba. A makon nan ya bi ta wajen kafinta ya tambayi yadda ake ƙera kujerar katako mai hannu, mai katifa, irin wadda mutum zai tsufa a kanta. Kafinta ya ce ya dawo a gwada shi. Mafarkin rana ma ya canja: yana sunkuyawa yashin sai ya riƙa ja da baya, ƙasa tana nisa, tana nisa, shi kuma yana lilo a sama kamar shirwa.

Ana cikin haka Malama Sadiyya ta kawo shadda a ɗinka wa mahaifinta. Suna cikin duba aikin wuya, sai ga Ma'u mai fura ta sauke ƙwarya a bakin shago. Ma'u Bafulatana ce daga rugar da ke hanyar Roni, ta manyanta, kuma tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, ba mai jin haushin wani.

"Ina bawan nan nawa? Babarbare, fito ka karɓi abincin iyayen gidanka."

"Ji mai bin sawun saniya. Dama da kauri, Ma'u, jiya ruwa kika sayar min."

Ma'u ta jefa curi uku a ƙwarya, ta kwarara nono, ta zuba sukari ludayi guda ba ta ko duba ba, alamar hannu ya saba. Dunoma ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Sai da ya sauke ya ga Malama Sadiyya ta saki shaddar tana kallonsa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Fura ce, 'yata. A dama miki?"

"Ba na ce kada ka ci..."

"Ban ci ba. Wa ya taɓa cin fura? Sha ake yi."

Ta janyo benci ta zauna a hankali.

"To, Baba, yau ba zan tambaye ka me kake ci ba. Me kake sha?"

Nan fa kogi ya ɓalle. Da safe koko, kofi biyu, tunda babu ƙosai da burodi sai a cike gurbi. Da hantsi shayi mai madara. Da azahar furar Ma'u, wadda da can curi ɗaya ce, amma tun da aka raba shi da tuwo ta koma uku, don mai jinya yana buƙatar ƙarfi. Da la'asar rake idan lokacinsa ne, in ba lokacinsa ba mangwaro. Kunun zaƙi idan an aiko daga gidan suna. Zuma cokali guda saboda tari, tarin da ya warke tun bara. Duk cikinsu, in ji Dunoma, a nuna masa guda ɗaya da Bahaushe yake cewa an ci.

"Har rake?" in ji Sadiyya. "Abin da ake tauna da haƙori?"

"Je ki kasuwa ki ce a ba ki rake ki ci, ki ga ko ba a yi miki dariya ba."

Ma'u ta riƙe ciki. "Ni dai na san gero nake dakawa. In Babarbare ya ce ruwa ne, wa zai yi musu da mai saye?"

Sadiyya ma dariyar ta kama ta, ta ce laifin rabi nata ne, tunda ita ma Hausar take ji kuma ba ta tambaya ba. Sannan ta ce, "Baba, ciki bai iya Hausa ba. Geron da ke cikin tuwo shi ne a cikin fura, ya dai canja riga. Kai ka rufe masa ƙofa, ya zagayo ta taga da ludayi." Ta ƙara da cewa jikin da ya ragu ba ya buƙatar abin da yake buƙata da, kuma ƙafarsa ta haddace hanyar shago, shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta ƙara sa shi gumi. Ta ce ya nemi hawa, a hankali, gwargwadon yadda gwiwa ta yarda.

"To me zan sha ke nan?"

"Ruwa. Nono zalla, ba fura ba sukari. Shayi baƙi."

"Da iska," in ji Ma'u. "Ita ma sha ake yi, kuma kyauta ce, daidai Babarbare."

Ko can ƙasan ransa Dunoma ya daɗe da sanin fura ƙanwar tuwo ce, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Abin da aka gani shi ne washegari ya kwance injin daga jikin keken, ya shafa wa matakin mai, ya koma takawa. Ma'u ta ci gaba da zuwa, tana miƙa masa nono tsura tana yi masa ta'aziyya. Wajen kafinta kuwa bai koma ba, bai kuma aika cewa ya fasa ba. Ya bar maganar a rataye.

Da yamma yakan nufi dutsen da ke bayan unguwarsu. Ranar farko a gindinsa ya tsaya suka gaisa. Daga nan ya kai wajen wata tsamiya, daga tsamiya zuwa wani faffaɗan falalen dutse inda awaki ke kwanciya. Ya sha iska, ya sha rana, ya sha wuya, duk da izinin asibiti. Allurar Lauwali ta yi kamar ba ta gani ba, sannan wata ranar kasuwa ta muskuta kaɗan, irin muskutawar mai barci. Daga nan ta kama hanya.

Farkon damina ne, an yi yayyafi da rana, ya fita da wuri don garin ya yi sanyi. Ya kai falalen dutsen, yana haki, ya tsaya yana kallon Kazaure a ƙasa: rufin kwano yana ƙyalli, ruwa ya kwanta can nesa kamar an shimfiɗa shadda ba a yanka ba, shanu suna tafe a layi ta wajen Roni. Sai kiran sallar la'asar ya taso daga gari, wannan masallaci ya ɗauka, wancan ya karɓa. Kafin ya sauka an idar. Yana da alwala. Kujera kuwa tana can wajen taga.

Akwai wani dutse daidai zama a gefensa, ya dube shi. Sannan ya cire takalmi, ya fuskanci gabas, inda kakansa ya fito, ya ta da salla a tsaye. Ya yi ruku'u. Ya ɗago. Ya saki jiki a hankali, gwiwar dama ta yi 'yar ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta hagu ta bi ta, tafukansa suka sami dutse. Ƙasa ba ta ja da baya ba. Goshinsa ya sauka a kan ɗan yashin da ruwa ya tara a kwarmin dutsen, mai sanyi a sama, da ɗumin rana a ƙarƙashi. Ƙamshin nan ya shigo. Ya yi tasbihi, ya ƙara, ya ƙara, har wata akuya ta matso ta shinshina hularsa ta wuce.

Tashin ne aka yi ciniki, amma an daidaita, babu bango babu tsoho. Ya cika raka'a huɗu.

Rana ta yi ja sa'ad da ya shiga gida. Zaituna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗaga kai.

"Malam, faɗuwa ka yi? Ga ƙasa nan a goshinka."

Ta miƙe ta kama bakin mayafinta za ta goge masa. Ya riƙe hannunta.

"Bar ta tukuna," ya ce.