Indararon da Inna ta gina wa motata

Shekarun baya, lokacin ina jigilar masara da taki tsakanin Bebeji da ƙauyukan Doguwa, ina da wata tsohuwar akori-kura mai shan gas da jan ƙafa huɗu. Ba ta da kyan gani, ƙofar direba ma da igiya nake ɗaure ta, amma ba ta ƙin hanya. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinta, rafin da ke tsakanin titi da ƙauyenmu, inda mahaifiyata ke zaune.

Mahaifiyata maginiyar tukwane ce, kuma tana fama da hawan jini. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko "kai", ko "wancan". In na durƙusa gaishe ta, gefe take kallo tana amsawa. Na san kunyar ɗan fari ce, amma ba zan ɓoye muku ba, abin yana sosa mini rai.

Wata damina aka aiko cewa ciwon ya tashi. Na iso na tarar rafi ya kawo, na ce ai motata ce, na danna kai. A tsakiyar ruwa injin ya yi tari ya mutu, ya zuƙi ruwa ta inda yake shaƙar iska. Shanun huɗa ne suka jawo ni, ni da ƙafa huɗuna. Mahaifiyata kuwa a kan ƙyaure maza suka ɗauko ta suka haye da ita. Da ta samu sauƙi na roƙe ta ta riƙa yin damina a wurina a Bebeji. Ta kalli bango ta ce, "Ramin yumɓuna a nan yake, kabarin mahaifinka ma a nan." Maganar ta mutu ke nan, ni kuma hankalina ya kasa kwanciya.

Ina da aboki a bakin dam ɗin Tiga mai facin kwale-kwalen masunta da faiba, wannan yadin mai kamar gashin gilashi da ake jiƙawa da gam ya daskare. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ka taɓa ganin saniya na haye ruwa? Hanci kawai take ɗagawa. Mu ɗaga wa motarka hanci." Nufinsa a yi bututu daga injin, ya fito ta gefe, ya bi jikin gilashin gaba har saman rufi. Matsalar ita ce faiba sai an naɗa ta a jikin wani abu mai siffar da ake so. Muka gwada kwali, ya lotse. Muka gwada bututun roba, muna gasa shi don ya lanƙwasa ya tsuke. Cikin gajiya na ce wannan abu ai indararo ne kawai aka miƙe tsaye. Abokina ya ajiye buroshi ya ce, "To wa ka sani yana gina indararo?"

Da rani muka je ƙauye. Abokina ne ya yi bayani, ni ina tsugune daga baya. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce masa, "Ka ce wa wancan ya matso da motar gindin tsamiya."

Ta kwaɓa yumɓu, ta riƙa aunawa da tafin hannu tana bin jikin motar, duk inda ƙarfe ya lanƙwasa ita ma ta lanƙwasa. Da ta gama sai ta ɗauko totuwar masara ta fara mirgina ta a jiki, irin adon da take yi wa tulu.

Abokina ya ce, "Inna, ba sai kin wahala da ado ba. Ai narkar da shi za mu yi."

Hannunta ya tsaya. "Narkarwa? Ba gashi?"

"In faibar ta daskare a kansa, sai mu jiƙa ƙasar ta zube, a bar ɓawon."

Ta ci gaba da mirgina totuwarta. "Ko na yini ɗaya ne, kayana ba ya fita tsirara." Da za mu tafi ta ƙara da cewa, tana kallon abokina, kada a ɗaura wa motar sai an toshe gindinsa an cika shi da ruwa, yadda take gwada tulu.

Ya bushe a inuwa, muka lulluɓe shi da buhuna muka kai Tiga ina tuƙi kamar na ɗauko ƙwai. Muka shafe shi da man kaɗanya, muka yi ta shimfiɗa faiba muna bi da gam. Wanda bai taɓa faiba ba bai san susa ba, ƙaiƙayin gero wasa ne a kanta. Da ta daskare muka tsoma a ruwa, aikin mahaifiyata ya narke ya bi dam. Muka cika ɓawon da ruwa, sai ga shi yana tsattsafowa ta wajen lanƙwasa. Muka ƙara faci, muka sake cikawa, ko ɗigo babu. A tasha kuwa na sha tsiya, har suna suka sa mini, mai indararo.

Daminar da ta biyo, wata safiya bayan ruwa, ƙanwata ta bugo waya tana kuka, Inna ta faɗi a tsakar gida. Na iso rafi, na jira ƙarfin ruwan ya ragu, amma zurfin yana nan. Na yi bisimilla na shiga a hankali. Ruwa ya hau har saman bonet, ya shigo ta ƙofar nan tawa mai igiya ya jiƙa mini wando, injin kuwa na ta zuƙar iska a saman kaina. A dawowa Inna tana jingine da ƙanwata, idonta a rufe. Muna tsakiyar rafi na ji ta ce a hankali, "Tambayi wancan, yana yoyo?"

Na ce, "Ba ya yoyo, Inna."

A asibiti a Tudun Wada likita ya ce an kawo ta a kan lokaci. Ta yi damuna da yawa bayan wannan a ɗakinta, kusa da ramin yumɓunta, kafin Allah ya karɓi abarsa.

Motar ma daga baya ta gaji, 'yan gwangwan suka ɗauke ta, amma na kwance bututun na riƙe. Ina goge shi na zura hannu ciki, abin da ban taɓa yi ba, sai na ji kurji-kurji. Adon totuwar nan ne, faiba ta kwashe shi tsaf. Can wajen lanƙwasa kuma, inda ta riƙe ƙasar tana gyarawa, ga sawun yatsunta.

Har gobe ina yi wa abokina addu'a, don dabararsa ce ta bar Inna ta ƙare kwananta a gidanta. Ina kuma gode wa Allah da ya sa ta ƙi jin maganarmu ta barin ado ranar nan. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba ta wuni a tsaye tana yi wa motata ado a wurin da ta san ba mai gani. Bututun yana rataye a ɗakina yanzu, in kewarta ta dame ni sai in sauko da shi in ɗora yatsuna a kan nata.