Wayar Si Munsif

A kamfaninmu na sayar da man zaitun a Sfax, Si Munsif ne ya rubuta umarnin da ke bayan shafinmu na intanet, wanda babbar kwamfuta ke bi ta karɓi odar masu saye. Tun yana da gashi ya fara, ni kuwa na same shi da sanƙo.

Rubutunsa na dā sai shi. Abu ɗaya ne dogo, ba kai ba gindi, kuma ya toshe bakin duk wani saƙon kuskure, wai kada baƙo ya ga tsiraicin gida. In abu ya lalace, farin shafi kawai za ka gani. Shi kuma yadda yake farautar matsala, sai ya bi layi-layi yana dasa sunayen abinci, inda abincin ya daina fitowa, nan ɓarnar take. Ya taɓa mantawa bai goge ba, wani ɗan kasuwa a Marseille ya bugo yana tambayar me ya sa rasidinsa ya ce "kuskus da kifi".

Saboda haka komai sai an kira shi. An tashe shi daga teburin buɗa-baki, an fito da shi daga zaman makokin surukinsa. Yana ƙorafi, amma kowa ya san abin na yi masa daɗi. Ni dai haushi yake ba ni, don aikin da zan iya sai na zauna jiran wani.

Da aka sa ranar auren Insaf, 'yarsa tilo, sai ta kafa masa sharaɗi. Ta ce ranar bikin gama jami'arta a mota ya zauna da kwamfuta a cinya, in ya sake tashi a bikinta, to, kada ya dawo zauren bikin.

Tun daga lokacin ya shiga warware rubutun. Ya yanka shi ƙanana, kowane da aikinsa da suna mai ma'ana. Ya buɗe bakin kurakuran, ya sa suna zuwa wani shafi da mu kaɗai ke gani, suna faɗin fayil da layi da abin da ya shigo ba daidai ba. Ya yi mana wurin gwaji a kwamfutocinmu, mu ɓata mu gyara ba tare da mun taɓa shafin gaske ba. Mai gadi ma ya tsokane shi, ya ce mai haƙa rijiya ya raba wa kowa guga.

Ranar bikin ni aka bari a ofis. Ana cikin shagali oda ta tsaya cak. Na buɗe shafin kurakurai, ga saƙo da irin bakinsa: "Adireshi ya zo babu sunan ƙasa. Duba layin da na nuna. Kada a kira ni." Kafin shayina ya huce na gyara.

Da na tashi daga ofis, na iske shi a zaure kusa da amarya, ana rabon baklawa, wani kayan zaƙi irin na biki. Wayar na kan gwiwarsa, yana ta leƙa ta a sace.

"Lafiya dai, Nizar?" ya ce.

"Odar ta faɗi ɗazu, Baffa. Na tashe ta."

"Kai kaɗai? Da wannan kan naka?"

"Saƙonka ya nuna mini wurin."

Na zaci murna zai yi, sai na ga fuskarsa ta faɗa, tausayinsa ya kama ni.

"Ko sau ɗaya ba ka yi tunanin kira ba?"

Na ce shi ya hana.

"Haka ne," ya ce a hankali. "Ni na rubuta."

Insaf ta miƙo hannu mai lalle, ya ɗora mata wayar, ta jefa a jaka. Ya zauna har aka tashi, hannunsa na komawa gwiwa yana laluben abin da ba ya nan.