Farin Yashi a Tashar Malumfashi

Abdussamad na zaune kan buhunan masararsa yana jiran motar Funtuwa ta cika, amma idonsa na kan wani saurayi da bai sani ba. Sa'ansa ne. Rana ta ƙone masa wuya, takalmansa sun sha hanya, ga wata doguwar jaka a bayansa kamar goyo.

"Malam, daga ina haka?" in ji direba.

"Karatu nake a Maroko," in ji saurayin. "Da aka yi hutu sai na bi bakin teku gari-gari. Inda mota ta yi tsada, in taka da ƙafa. Burodi da kifin gwangwani, shi ke nan."

Yana faɗa yana dariya, sai ka ce yunwa abin ado ce. Abdussamad ya kau da kai. Shi ma ya ci jarrabawa, gona ce ta rasa mai duba ta. Duk ruwan da ya taɓa gani bai wuce dam ɗin Mairuwa ba. Ya tabbata wannan saurayin ba a taɓa tashinsa zuba taki ba.

Saurayin ya zazzage aljihun jakarsa yana neman caja, farin yashi ya zubo ƙasa. Da ya juya baya, Abdussamad ya sunkuya ya ɗebo, ya murza a yatsu yadda yake gwada ƙasar gona.

"Wannan ko gyaɗa ba zai yi ba," ya faɗa a ransa.

Ya waiwaya, ba mai kallonsa. Sai ya zuba shi a aljihu.