Tsaga a Wuyan Keke

Ni ba mai ilimi ba ne. Na shiga makarantar boko, amma ban daɗe ba malamin ya ce ko ni ko shi, kuma da yake shi ake biya albashi, sai na bar masa ajin. Abin da na sani a duniya, rabi a gona na tsince shi, rabi a bakin wutar Iya, mahaifiyar babanmu. Ita nake ta tunawa kwanakin nan, kuma keke ne ya jawo.

Gidanmu na can gefen garin Daura, inda gonaki suke farawa daga bayan danga. In an gama girbi sanyi ya shigo, Iya takan tara karan dawa a ƙofar ɗakinta da zarar an ci tuwo, ta hura wuta. Kara ba ya riƙe wuta, yana tashi fuu sai ya mutu, saboda haka aikinmu ne mu jikoki mu riƙa tura shi. Takan binne gyaɗa a toka, ta kuwa san inda ta binne kowace. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika, tana cewa tun da ta aure ni ko ɓarin goro ban taɓa kawo mata ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta karkaɗe zane ta ce, "To, ga ta nan tafe. Mai gyangyaɗi ya matsa baya, ba ni da maganin ƙuna."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wata mata mai sayar da fura. Matar tana da ƙwarya babba da ta gada wajen uwarta. Ƙwaryar ta tsage, ta kai wa gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, ya huda ya ɗinke. Ta sake tsagewa ta wani gefen, ya sake ɗinkewa. Aka yi ta haka har ɗinki ya fi ƙwarya yawa. Ana nan sai ranar babbar kasuwa ta matso, matar ta dama fura mai yawa, ta zauna tana duban ƙwaryar nan. Gyartai ya ce ta kawo ya ƙara mata ɗinki, za ta kai. Mai sayar da ƙorai ya ce ta jefar da tsohon tarkace ta ɗauki sabuwa.

Daga nan ne hanya ke rabuwa. Wani daren matar takan bi ta gyartai. Ta ɗora tsohuwar ƙwarya a ka, tana cikin tsallaka rafi ɗinki ya saki, fura ta wanke ta daga ɗankwali har diddige, ta koma gida ƙudaje na yi mata rakiya. Wani daren kuma sabuwa take saye. Sabuwar ƙwarya ɗaci gare ta, sai an jiƙa ta an wanke an sake jiƙawa kafin a zuba abin ci, ita kuwa ba ta da lokaci. Duk wanda ya kurɓi furar sai ya tofar, har kasuwa ta tashi ba ta sayar ba, masu saye kuma suka koma wajen wata.

Wata rana na ce, "Iya, shekaranjiya fa ƙwaryar fashewa ta yi."

Ta ce, "Kai ka ga matar?"

Na ce ban gan ta ba.

"To tura kara, maigidan banza. Miji ba cefane sai gardama."

Sai da na ɗan yi wayo na lura da abin da ke sauya ƙarshen. In bargon Iya ya mutu, ko butarta ta fara yoyo, kuma ta ji motsin Baba yana alwala a bayan danga, to ranar ƙwarya za ta fashe a rafi, da murya mai ƙarfi kuwa. In kuma Inna, mahaifiyarmu, ta kwana biyu tana maganar kwanonin ƙarfe masu fure da matan unguwa suka fara saye, to ranar fura za ta yi ɗaci, kuma Iya takan juya fuskarta wajen madafa tana ba da labarin. Mu dai masu tura kara ne. In ta gama sai ta ce, "Iyakarta ke nan, kowa ya kwashe ƙafafunsa daga wutata."

Yanzu na zo kan keken. Na saye shi na hannu, da kuɗin gyaɗa, shekarar da na auri Ladi. Baƙi ne, mai kauri, mai sanda a tsakiya. Ya ɗauki taki, ya ɗauki buhu, ya ɗauki ɗan akuya a ɗaure yana zagina. Kaca ba ta asali ba ce, wili ba na asali ba ne, birki an sauya shi har na daina lura, sirdin kuwa tsumma da roba ne suka riƙe shi. Ƙarfen jikinsa kaɗai ne ya rage daga ranar da na saye shi. Da shi nake zuwa gonata ta hanyar Zango, inda ake sauka daga kwalta a shiga rairayi. Ƙafata ba za ta kai ni can ba yanzu, kuma in na daina zuwa, gona ta zama ta masu aikin ƙwadago da awakin mutane.

Bana, ana dab da saukar damina, na ji kan keken yana rawa a hannuna. Na kai wa Habu mai gyara, wanda ke ƙarƙashin darbejiya a bakin tasha. Ya goge wuyan keken da tsumma, inda kai ke shiga jiki, ya nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi.

Ya ce, "Baba, wannan ba komai ba ne. A ɗana masa walda, in sa maka sabuwar kaca da sababbin tayoyi, in fesa fenti. Irin wannan ƙarfen an daina yin sa. Na yanzu gwangwanin madara ne."

Magana ta kai kunnen ɗana Nasiru da ke aiki a Kano. Sai ga shi ranar Juma'a da keke a saman mota, na gwanjo, irin na masu tsere. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, taya kamar ɗan yatsa, giyar canza gudu birjik, in ka ɗaga shi da hannu ɗaya sai ka ji kamar kaza ka ɗauka.

Ya ce, "Baba, don Allah a huta da wancan. Mutane na ganinka a kai suna cewa ba ka da 'ya'ya."

Na ce, "Ashe kai ne tsagar ta dama, ba ni ba."

Ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Yaron kirki ne, sai dai rabonsa da gonar tun yana ɗan makaranta.

Na hau abin nan washegari. Kafin hannuna ya kai kan keken sai da na yi ruku'u, kuma a haka na tafi, gemu a gaba, ɗuwawu a sama, babbar riga na kaɗawa. Masu shayi suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Gaskiya a kan kwalta ba shi da laifi, tafiya yake kamar ana tura shi. Ina sauka rairayi tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya cak, ni kuwa ban tsaya ba. Na tashi na karkaɗe riga, na duba gabas da yamma, ba kowa sai wata jaka da ta daina kiwo tana kallona. Na turo shi har gida.

To ka ji inda na tsaya. Habu ya ce a ɗinke, Nasiru ya ce a jefar, kowa da dangar da yake jefa murya ta bayanta. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Iya a matsayin dabarar tsohuwa mai son bargo, ina ba abokai labarinta muna dariya. Da na zauna tsakanin kekuna biyu sai na ga ba ƙarya ta yi ba ko sau ɗaya. Tsohon abu yana fashewa, sabo yana da ɗacinsa, duka biyun haka suke. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, a kowane ƙarshen gyartai lafiya yake kwana, mai ƙorai ma lafiya yake kwana. Matar nan ce dai ake wankewa da fura ko a tofar mata da ita. Na ce to madalla, ai nawa mai sauƙi ne, kaina ne a ƙarƙashin ƙwaryar, ni ke da zaɓi. Na yanke a yi walda.

Na gaya wa Ladi tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, in ya karye da kai a hanya, wa zai sani?"

Na ce masu wucewa.

"To. In sun kwaso ka sun ajiye mini a ɗaki, Habu ne zai zo ya riƙa juya ka? Ko Nasiru ne zai baro Kano ya riƙa kai ka bayan gida? Ni da ko tulu ba na iya ɗagawa yanzu."

Na ce ai Habu ya ce walda za ta riƙe.

Ta ce, "Za ta riƙe inda ya gani."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Sai na ce garin ya yi laushi. Ta ce ta sani.

Ban bi ta Habu ba, ban kuma bi ta Nasiru duka ba. Na tura mai ƙahon rago zuwa shagon wani ɗan Ibo da ke sayar da kayan keke, muka yi musaya da wani mai ƙatuwar taya da miƙaƙƙen kai, wanda mutum zai zauna a kai kamar mutum. Ɗan Ibon ya yi murna har ya ƙara mini famfo, abin da ya nuna mini shi ya ci riba. Da na gaya wa Nasiru a waya, ya ce ba komai, muddin na sauka daga baƙin. Sabon yana shiga rairayi ya fita. Ba na son sa, amma yana kai ni gona, shi ma ban ga alamar yana so na ba.

Baƙin kuwa na kai wa Habu na ce ya cire abin da zai yi masa amfani. Ya ɓata rai, ya ce na yi asarar ƙarfe. Wiloli zai haɗa wa wani mai kurar ruwa, sandar kuma yana son ta don ƙotar wani abu, saboda haka ya ɗauko zarto ya sa a wuyan, daidai tsagar. Na zaci zai sha aiki. Ja kaɗan ya yi zarto ya faɗa ciki. Ya ɗaga sandar ya karkata ta, sai ga jan gari yana zubowa kamar dakakken barkono, ya taru a ƙasa tsakanin ƙafafunmu. Ya sa babban yatsa ya danna bakin ƙarfen, ya lotsa.

Muka tsaya muna kallon tsatsar nan.

Can ya ce, "Baba, a kan wannan kake zuwa hanyar Zango da buhu?"

Na ce, "Kai ka ce irinsa an daina yi."

"Ai ta waje na gani."

Na sa takalmi na baje garin cikin ƙasa, na ce, "To ka riƙe bakinka. In Ladi ta ji, ni da sake yin gardama a gidan nan sai a lahira."